Yini Ɗaya a Agra Tare da Ɗan Jagora: Yadda Ake Tsara Shi Daga Asuba Zuwa Dare

Mutanenmu da yawa suna zuwa Delhi, babban birnin Indiya, wasu jinya, wasu rakiyar marar lafiya, wasu karatu, wasu saro kaya. Sai mutum ya yi makonni daga asibiti sai masauki, ya dawo gida bai ga komai na ƙasar ba, alhali ga Agra nan kudu da Delhi, tafiyar kilomita 200 da 'yan kai. Can Taj Mahal yake, kabarin farin marmara da Sarki Shah Jahan ya gina wa matarsa, can kuma sarakunan daular Mughal suka daɗe da zama kafin shi Shah Jahan ɗin ya mayar da fada Delhi a 1648. Yini ɗaya ya isa a ga manyan wuraren, amma sai ka tsara yinin da kanka tun kafin ka haɗu da ɗan jagora. Wanda ya je ya ce a kai shi duk inda ya dace, rabin yininsa a shagunan tsaraba zai ƙare.

Fara da zaɓen rana

Cire Juma'a daga lissafi. Ranar nan Taj Mahal a rufe yake ga masu ziyara. Ana buɗe masallacin da ke harabar don sallar Juma'a, amma ga mazauna Agra kaɗai masu katin shaida, don haka kada ka sa ran haɗa ziyara da Juma'a a can. Asabar da Lahadi da ranakun hutu cunkoso ya yi yawa, domin 'yan ƙasar su ma suna tururuwa daga ko'ina. Talata, Laraba ko Alhamis sun fi.

Daga Oktoba zuwa Maris yanayi ya fi daɗi. Sai dai a Disamba da Janairu hazo kan rufe gari da safe, har ka tsaya a bakin ƙofa ba ka ganin ƙubbar, jiragen ƙasa kuma su yi ta makara. A watannin nan sammako ba shi da riba, gara ka shiga da hantsi. Daga Afrilu zuwa Yuni zafi kan haura maki 40, dutsen ƙasa ya ɗauki zafi tun kafin azahar. Yuli zuwa Satumba damina ce.

Idan kai ne marar lafiyar, ko za ka tafi da shi, a tambayi likita tukuna. Ziyarar nan tafiyar ƙasa ce mai yawa, ga tsayuwa a layi, ga matakala. Akwai keken tura marasa lafiya a ƙofar Taj Mahal, amma hawa dandamalin da kabarin yake sai an taka.

Jirgin ƙasa ko mota

In da hali, abin da ya fi shi ne ka kwana a Agra, ka yi asuba a can, ka isa ƙofa kafin rana ta fito. Da sanyin safiya ake kama fara. In kuwa dole ka je ka dawo a ranar, hanya biyu ce.

Ta farko jirgin ƙasa. Akwai Shatabdi da ke tashi daga tashar New Delhi da ƙarfe 6 na safe, ya sauke ka a tashar Agra Cantt wajen ƙarfe 8. Akwai kuma Gatimaan da ke tashi daga tashar Hazrat Nizamuddin da ƙarfe 8:10, ya isa cikin minti 100. Dukansu akwai sanyi a ciki, kowa da lambar kujerarsa, ana kuma kawo abinci. Ni na fi son na ƙarfe 6, saboda sa'o'i biyun nan na safe suna da tsada. Ka sake duba lokacin tashi kafin ranar, domin jadawali kan canza. Hukumar IRCTC ce ke sayar da tikitin ta intanet, amma rajista da lambar wayar waje takan ba da wahala, don haka ka roƙi masu masaukinka ko ofishin baƙi na asibiti su yanka maka, kwanaki kafin tafiyar, zuwa da dawowa.

A bakin tashar New Delhi wani zai iya tare ka, da tufafi tsaf, ya ce an soke jirginka ko an rufe ofis, ya nuna maka wani ofishi a waje. Kada ka bi shi. Wuce ciki ka duba babban allon da ke nuna lambar jirgi da dandamalin da zai tsaya.

Ta biyu mota da direba, ta babbar hanyar Yamuna da aka buɗe a 2012, mai tsawon kilomita 165 daga Greater Noida zuwa Agra. Tafiyar takan ci sa'a uku zuwa huɗu daga tsakiyar Delhi. In ku huɗu ne ko biyar, ko da tsoho a cikinku, mota ta fi, kuma ita za ta yi ta yawo da ku cikin gari. Mai son ganin fitowar rana a Taj Mahal sai ya bar Delhi wajen ƙarfe 3 na dare. Ku yi ciniki ya ƙunshi komai: mai, kuɗin ƙofar hanya, harajin shiga jihar Uttar Pradesh da kuɗin ajiye mota. A lokacin hazo kada ka yarda a bi hanyar nan da duhu.

Neman ɗan jagora, da maganar da za ku ƙulla

Nan ne yinin ke gyaruwa ko ya lalace, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Kana fitowa daga tasha ko daga mota za a yi maka caa, kamar yadda 'yan kamasho ke yi wa fasinja a tashar mota. Kowa zai ce shi jagora ne, wasu har da kati a wuya. Jagora na gaskiya yana da lasisi daga Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido ta Indiya ko daga hukumar yawon buɗe ido ta jihar Uttar Pradesh, katinsa ɗauke da hotonsa da ranar ƙarewa. Karɓi katin a hannunka ka duba, ka haɗa hoton da fuskar. Ba rashin kunya ba ne, masu lasisin ma sun fi son a duba. In mutum ya ce ka yanka masa tikitin shiga, to ka sake duba katin nan da kyau, domin mai yiwuwa ba mai lasisi ba ne.

Abin da ya fi shi ne ka same shi tun kana Delhi, ta hannun masaukinka ko wani da ya taɓa zuwa, ku yi magana ta WhatsApp. Yawancinsu Turanci suke yi, akwai kuma masu Faransanci, wanda zai yi wa 'yan'uwanmu na Nijar da Chadi da Kamaru daɗi, ko da yake kuɗinsu ya ɗan ɗara. Ka kira shi ka ji muryarsa, domin Turancin wasu da sauri yake, kunnen da bai saba ba zai sha wuya. In kana son gwada iliminsa, tambaye shi wace sura aka rubuta a babbar ƙofar Taj Mahal. Wanda ya san aikinsa zai ce maka Fajri ba tare da inda-inda ba.

Sannan ku rubuta yarjejeniya a saƙo, yadda kowa zai iya komawa ya karanta. Ka faɗa masa wuraren da kake so da jerinsu: Taj Mahal, fadar Agra, kabarin Itimad-ud-Daula, lambun Mehtab Bagh. Ka faɗi adadinku da kuɗin yinin gaba ɗaya, ba na kowane mutum ba, kuma biya sai an gama. Ka gaya masa lokutan salla suna cikin tsarin, ya san inda zai kai ku. Ka ce abinci na halal kuke so. Na ƙarshe, wanda ya fi kowanne muhimmanci: babu shago sai wanda kai ka nema.

Dalili shi ne, da yawa daga cikin jagorori da direbobi suna samun la'ada daga shagunan marmara da darduma da kayan ado. Shi ya sa za ka ga wanda ya yi maka farashi mai arha ƙwarai, domin ya san inda zai fanshe. Zai gaggauta da kai a wurin tarihi, sannan ya ce bari ya nuna maka jikokin waɗanda suka gina Taj Mahal suna aiki. A zaunar da kai, a kawo shayi, kunya ta hana ka fita hannu rabbana. Gara ka biya jagora kuɗi mai kyau, ka yi masa alkawarin ihsani in ya cika magana, da ka sami arha ka rasa sa'o'i biyu. Ka tambayi mutum biyu ko uku kafin ka tsayar da ɗaya, nan za ka gane farashin da ake yi a lokacin.

Tikiti, da kayan da za ka bari a mota

Hukumar kula da kayan tarihi ta Indiya, wadda ake kira ASI, ita ke riƙe da wuraren nan, kuma tana sayar da tikiti ta intanet da kuma a ƙofa. A 'yan shekarun nan baƙo daga waje yana biyan rupi (kuɗin Indiya) 1,100 na shiga harabar Taj Mahal, da ƙarin 200 in zai hau ya shiga ɗakin kabarin. Yanki duka biyun. Yaran da ba su kai shekara 15 ba kyauta suke shiga. Tikitin baƙo yana zuwa da robar ruwa da 'yar rigar da ake sa wa takalmi. Sa'a uku aka ba ka daga lokacin da ka shiga, in ka wuce za a caje ka a wurin fita. Sauran wuraren kowanne da nasa tikitin, duk ba su kai na Taj tsada ba. Riƙe fasfonka a jikinka, na asali, domin ana tambaya. Ka kuma riƙe tsabar kuɗi, 'yan 100 da 200 da 500. Mutanen ƙasar da waya suke biyan komai, tsarin da baƙo bai cika samun shiga ba.

Ana buɗe ƙofa minti 30 kafin fitowar rana, a rufe minti 30 kafin faɗuwarta. Ta ƙofar gabas ko ta yamma ake shiga. Mota mai amfani da fetur ko dizal ba ta matsawa kusa da ginin saboda hayaƙi yana ɓata farin dutsen, don haka za a sauke ku a nesa, ku hau 'yar motar lantarki ko ku taka.

Bincike a ƙofa mai tsanani ne, layin maza daban, na mata daban. Ba a shiga da abinci kowane iri, har goro da alewa da cingam. Ba a shiga da taba, ashana, laita, wuƙa, caja, ƙafar kyamara, littattafai ko babbar jaka. Darduma ma bar ta a mota, domin hukuma ta hana yin salla a lambun da harabar, kuma an taɓa kama baƙi a kan haka. Waya, fasfo, ruwa, kuɗi da maganinka in kana sha, sun wadatar.

Cikin Taj Mahal

Za ka fara shiga wani fili, ka fuskanci babbar ƙofa ta jan dutse. Yawancin mutane a guje suke wuce ta don ɗokin abin da ke ciki. Kai tsaya, ka ɗaga kai. Rubutun da ya kewaye bakin ƙofar Suratul Fajri ce, an sassaƙa baƙin dutse an dasa shi cikin farin marmara harafi bayan harafi. Tana ƙarewa da kiran da ake yi wa rai mai natsuwa ya koma ga Ubangijinsa, ya shiga cikin bayinSa, ya shiga AljannarSa. Da wannan ayar ake shigar da kai lambun. Duk wanda ya yi makarantar allo ko Islamiyya yana da abin da mafi yawan masu ziyara ba su da shi, domin su ado suke gani, kai kuwa karatu kake yi. Salon rubutun sulusi ne, haruffa suna hawa kan juna, don haka wanda idonsa ya saba da warash zai ɗan laluba kafin ya kama bakin zaren. Da ka gane kalma ɗaya, hadda za ta ja ka.

Mai rubutun sunansa Abdulhaƙ, mutumin Shiraz ta ƙasar Farisa, wanda sarki ya yi wa laƙabi da Amanat Khan. Lura da dabararsa: haruffan sama sun fi na ƙasa girma, yadda mai kallo daga ƙasa zai gan su daidai wa daida.

Ka shiga cikin duhun ƙofar a hankali. Ta bakin bakan za ka hango ginin fari fat ya cika ido. Kana matsawa gaba sai ka ga kamar yana ja da baya yana ƙanƙancewa, in ka koma da baya sai ya ƙara girma. Jagora nagari zai tsayar da kai ka gwada.

Labarin a taƙaice: Arjumand Banu, wadda aka sani da Mumtaz Mahal, ta rasu a 1631 a garin Burhanpur wajen haihuwarta ta 14. Mijinta Shah Jahan ya sa aka fara ginin a 1632. Ɗakin kabarin ya kammala wajen 1648, sauran harabar a 1653. Ana danganta zanen ga Ustad Ahmad Lahori, ma'aikata kimanin 20,000 suka yi aikin, farin marmaran kuma daga Makrana ta Rajasthan aka ɗauko shi. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1983. In jagoranka ya ce an yanke hannuwan magina don kada su sake yin irinsa, ko sarkin ya yi niyyar gina baƙin Taj a ƙetaren kogi, ka sani tatsuniya ce da babu hujjar tarihi a kanta. Jagoran da ya faɗa maka haka da kansa, ka riƙe shi da kyau.

Lambun an raba shi huɗu da magudanan ruwa, kwatancin ƙoramun Aljanna. Tsakiyar hanya kowa ke bi, can ake turereniyar ɗaukar hoto. Ɗauki naka ɗaya ko biyu, sannan ka ratse ta gefe cikin inuwar bishiyoyi. Masu ɗaukar hoto na kuɗi za su biyo ka. In kana so, ku tsayar da adadin hotuna da farashin kowanne kafin ya danna ko sau ɗaya. Wasu 'yan ƙasar kuma za su roƙi ɗaukar hoto da kai, musamman in ka sa babbar riga da hula, ko mata suna sanye da atamfa. Yawanci sha'awa ce kawai. In ba ka so, ka girgiza kai da murmushi ka wuce, mata kuma su tsaya kusa da abokan tafiyarsu.

A gindin dandamali za ka sa rigar takalmin nan ka hau. Kafin ka shiga ciki, kewaya ginin. Suratu Yasin ce aka raba wa manyan bakuna huɗun, tana farawa daga na kudu da ke fuskantar lambu, ta zagaye ginin. Dubi hasumiyoyi huɗun, kowacce tsawonta kusan mita 40, an ɗan karkatar da su waje yadda in girgizar ƙasa ta kayar da su ba za su faɗa kan ƙubba ba. Matso da fuskarka jikin bango ka ga furannin. Ba fenti ba ne. An ƙwaƙule marmaran, an yanka duwatsu masu launi sirara, ja da shuɗi da kore, an dasa su a ramin, har in ka kalli fure ɗaya sai ka ga gutsattsari da yawa ne aka haɗa, ba ka ganin tsaga a tsakaninsu. A ƙasan bangon kuma akwai furannin da aka sassaƙo daga jikin dutsen kansa, ganye a lanƙwashe kamar iska ta kaɗa shi.

Ciki ba a ɗaukar hoto, kuma layi ba ya tsayawa, ma'aikata suna ta cewa a matsa. Abin da za ka gani cikin shingen marmara mai huda-huda siffar kabari ce guda biyu, ainihin kaburburan suna ɗakin ƙasa a rufe. Na Mumtaz yana tsakiya daidai. Na Shah Jahan, wanda ya rasu a 1666, an raɓa shi a gefe, shi ne abu ɗaya da ya saɓa daidaiton ginin. A saman bangon ciki akwai Suratul Mulki. Za ka ga wasu suna jefa kuɗi, ko wani ya ɗaga murya don ka ji amsa-kuwwa sannan ya miƙo hannu. Babu wanda ya wajabta maka ko ɗaya. Makabarta ce, ka yi wa mamatan addu'a ka fita.

Ka fita ta bayan ginin ka tsaya kan kogin Yamuna. Ta yamma ga masallaci na jan dutse, ta gabas ga tagwayensa da aka gina don daidaito kawai. Daga bakin masallacin nan ake samun kallo mai kyau, mutane kuma ba su da yawa. Ka ce wa jagora ya ba ka minti 20 kai kaɗai, ku haɗu a babbar ƙofa. Jagoran kirki ba zai ƙi ba.

Fadar Agra

In ba ka karya ba, yi yanzu. Karin safen mutanen garin shi ne bedai, wata soyayyiyar waina mai kumburi da ake ci da miyar dankali mai yaji, a bi da jalebi mai zaƙi. Mai ciwon sukari ko wanda likita ya sa wa doka ya nemi ƙwai da burodi a otal.

Fadar, wadda za ka ga an rubuta Agra Fort a tikiti, tana da nisan kilomita biyu da rabi daga Taj. Sarki Akbar, kakan Shah Jahan, ya fara gina ta a 1565 da jan dutse. Ganuwarta ta haura mita 20 a tsayi, kewayenta kusan kilomita biyu da rabi. Babban ɓangarenta yana hannun sojojin Indiya, ba a shiga. Ta ƙofar Amar Singh ake shiga, a hau wata hanya mai tudu da aka karkace da gangan don maƙiyi ya kasa shigowa a guje.

A nan ne jagora ya fi amfani, domin ɗakuna ne da farfajiyoyi barkatai, in babu mai bayani duk kamarsu ɗaya. Ka nemi ya nuna maka bambancin hannun kaka da na jika. Jahangiri Mahal ginin zamanin Akbar ne, ja, mai nauyi, da sassaƙa irin ta maginan Hindu. A gabansa akwai wani ƙaton kwarmin wanka da aka fafe daga dutse guda a zamanin Sarki Jahangir ɗan Akbar, da 'yan matakala ciki da waje. Kana wucewa Khas Mahal sai komai ya koma fari, wannan aikin Shah Jahan ne. Ga Diwan-i-Am inda sarki ke zama ya saurari ƙarar talakawa, ga Diwan-i-Khas na ganawa da manyan fadawa da jakadu, ga ɗan ƙaramin masallacin Nagina na matan gidan.

Inda za ka daɗe shi ne Musamman Burj, wata hasumiya mai kusurwa takwas da ke kallon kogi. A 1658 Aurangzeb ya karɓe mulki ya tsare mahaifinsa Shah Jahan a fadar nan. Shekara takwas ya yi a tsare har ya rasu, 'yarsa Jahanara tana jinyarsa. Daga wajen nan ana hango Taj Mahal can a lanƙwasar kogi. Sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu ta ishe ka a fadar. Ka kula da birai, a nan da Taj duka. Suna fizge abinci da robar ruwa, wani lokaci har tabarau. Kada ka ba su komai, kada ka zura musu ido.

Azahar, abinci da kasuwa

Babban masallacin garin, Jama Masjid, yana kusa da fadar, bayan tashar jirgin Agra Fort. An gama shi a 1648 da sunan Jahanara ɗin nan. Lungunan wajen a matse suke, gara ku bar mota ku hau adaidaita sahu. Kai matafiyi ne, kana da sauƙin ƙasaru. Ka sani mafi yawan Musulmin yankin Hanafawa ne, la'asarsu takan yi jinkiri fiye da yadda muka saba, kada ka zauna jiran jam'i lokaci ya tafi. Masallatai da yawa a arewacin Indiya ba su da sashen mata, don haka tun da safe ka sa jagora ya nemo inda iyali za su yi salla, ko a gidan abinci ko a otal.

Wajen abinci, tambayi halal kai tsaye, ko ka sa a kai ka gidan abincin Musulmi. An hana yanka saniya a jihar, naman da za ka samu kaza ne ko akuya, wani wurin ɓauna. Biryani da korma da gurasar tanderu ba sa ba da kunya. Ka ce a rage yaji tun kafin a ɗora. Abincin leda mai ɗigon kore cikin murabba'i alama ce babu nama a ciki. Ruwa kuwa na roba kaɗai, ka duba murfin ba a taɓa buɗe shi ba, ka guji ƙanƙara da 'ya'yan itacen da aka riga aka yanka a titi. Mai rakiyar marar lafiya ba shi da halin kwanciya ciwon ciki.

In kana son tsaraba, yanzu ne lokacinta, kai kuma za ka ce a je. Kasuwar Kinari tana jikin masallacin, akwai yadi da zare da kayan kwalliyar amare. Agra ta yi suna a takalman fata da kuma petha, alewar da ake yi da wata irin farar kabewa, tana kuma jure tafiya. Kayan marmara masu dashen duwatsu sana'a ce ta gaske a garin, amma jabu ya yi yawa. Ana sayar da wani dutse mai laushi a matsayin marmara, wanda ƙarfe kaɗan ke karce shi. Na gaske yana da nauyi da tauri, kuma ba ya arha. Yi ciniki kamar yadda ka iya, kada jagora ya tsaya a kanka lokacin da kake taya.

Yamma a ƙetaren kogi

Da rana ta yi sanyi, ku haye gada zuwa kabarin Itimad-ud-Daula. Nur Jahan, matar Sarki Jahangir, ita ta gina wa mahaifinta Mirza Ghiyas Beg tsakanin 1622 da 1628, wato ya girmi Taj. Ƙarami ne, shiru, kuma adon dashen duwatsun ya rufe bangon tun daga ƙasa har sama: tuluna, kofuna, bishiyoyi, taurari. A nan babu mai ce maka matsa, za ka iya tsayawa ka ƙare wa aikin kallo. Jagorori da yawa suna tsallake shi don sauri. Kada ka yarda, minti 45 kawai yake buƙata.

Daga nan Mehtab Bagh ba nisa. Lambu ne da ke daidai bayan Taj Mahal, kogi ne kawai a tsakani. Ka isa sa'a ɗaya kafin faɗuwar rana, ka sami wuri ka zauna, ka ga farin dutsen yana sauya launi. A nan jagora ya gama aikinsa.

Wani zai ba ka shawarar a ƙara Fatehpur Sikri, birnin da Akbar ya fara ginawa a 1571, kimanin kilomita 40 yamma da Agra. Wuri ne da ya cancanci gani, amma zuwa da dawowa da zagayawa za su cinye maka sa'a huɗu. Cusa shi cikin yini ɗaya yana nufin ka yi komai a guje. Bar shi sai in za ka kwana.

Sallama da komawa

Biya jagora a hannunsa, kuɗin da kuka rubuta, ka ɗora ihsani in ya cika alkawari. Direba ma a ba shi nasa daban. In ka ji daɗin aikinsa, ajiye lambarsa don na bayanka.

Gatimaan yana barin Agra kafin ƙarfe 6 na yamma, don haka mai komawa da shi ba zai ga faɗuwar rana a Mehtab Bagh ba a mafi yawan watanni, sai ya je lambun da wuri ko ya haƙura da shi. Shatabdi yana biyowa ne wajen ƙarfe 9 na dare, shi ya fi dacewa da tsarin nan, har ka sami lokacin magariba da isha da abincin dare. Agra tana da tashoshin jirgi fiye da ɗaya, duba tikitinka ka tabbatar Agra Cantt aka rubuta, ka faɗa wa direba sunan a fili. Cunkoson gada da yamma yana da yawa, ka ba kanka sa'a guda daga ƙetaren kogi zuwa tasha. Jirgin 'yan mintuna kawai yake tsayawa, don haka ka nemi inda taragonka zai tsaya a dandamali tun kafin ya iso, ka kuma shirya wanda zai ɗauke ka a tashar Delhi, domin dare zai yi nisa kafin ka sauka.